Mallaka, Kariya, Wakilci ko Amana: Wace Kalma Ta Dace da Wane Yanki?

Mai fassara labarai a gidan rediyo, da malamin tarihi a sakandare, da ɗalibin da ke rubuta kundinsa da Hausa, akwai wurin da dukkansu suke tuntuɓe. Da zarar an zo maganar ƙasar da ba 'ya'yanta ke mulkinta ba, sai alƙalami ya zarce wurin kalmar da ta fi kusa da hannu, wato mulkin mallaka. Ikko mulkin mallaka, Kano mulkin mallaka, Falasɗinu kafin 1948 mulkin mallaka, Mubi kafin 1961 ita ma haka, har Kosovo ta 1999 wani sai ya liƙa mata. In ta talakan da ya biya haraji da jangali ya yi aikin tilas za a bi, ba a yi ƙarya ba a kan huɗun farko. Amma a wajen doka waɗannan wurare biyar matsayinsu biyar ne, kuma matsayin nan shi ya raba wanda aka tambayi ra'ayinsa ranar da Bature zai naɗe tabarmarsa da wanda ba a tambaya ba. Saboda haka nake ganin ya kamata mu zauna mu tsefe su, kowace kalma mu san inda za mu ajiye ta.

Abin da zan riƙa aunawa da shi tambayoyi ne da kowa zai iya yi wa kansa kafin ya rubuta: wa ke riƙe da ƙasar, wa ya ba shi, a gaban wa yake ba da bahasi, kuma yaya aka shirya rabuwa.

A fara da biyun da muka fi sani a gida. Yankin mallaka shi ne ƙasar da mai mulki ya ce tasa ce, ta zama wani ɓangare na dukiyar masarautarsa. Haka Ingila ta yi wa Ikko a 1861, haka Faransa ta mayar da Nijar a 1922 bayan shekarun da ta yi tana mulkinta a matsayin yankin soja. Babu wanda ya ba su, babu wanda suke yi wa bayani sai majalisunsu na Landan da Faris, kuma babu ranar tafiya a rubuce. Yankin kariya kuwa, a takarda, ƙasar tana nan ta masu ita da sarakunanta, baƙon ya karɓi harkar tsaro da hulɗa da waje ne kawai. Da wannan suna aka kafa Arewacin Nijeriya a 1900, da shi Faransa ta riƙe Tunisiya daga 1881 da Maroko daga 1912. Ko bayan haɗewar 1914 sunan Nijeriya a hukumance bai daina ɗauke da kalmomin biyu ba, mallaka saboda Ikko, kariya saboda sauran ƙasar. Wanda aka haifa a Ikko talakan Sarkin Ingila ne kai tsaye, wanda aka haifa a Zariya kuwa sunansa mutumin da Ingila ke karewa. Ko a maganar bauta bambancin ya fito: a Ikko dokar Ingila ta riga ta haramta ta, a Arewa kuwa sanarwar 1901 ce ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara, ba a rufe babin gaba ɗaya ba sai 1936.

Shawarata a nan ita ce a rubuta yankin kariya in ana maganar matsayin doka, amma a bar mulkin mallaka ya ci gaba da zama sunan zamanin baki ɗaya. Kariyar da ta shigo Kano da Sakkwato da bindiga a 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi, ba wanda ya roƙe ta. Mai rubutu zai iya cewa "yankin kariya na Arewacin Nijeriya, a zamanin mulkin mallaka," ya ba doka haƙƙinta, ya ba tarihi nasa. Abu mafi muhimmanci shi ne waɗannan biyun babu idon duniya a kansu. Daga nan ne hanya ta rabu.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko an ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mallaka, an kuma yayyanka daular Usmaniyya. Waɗanda suka ci yaƙi suna son ganimar, amma an riga an cika duniya da maganar 'yancin al'ummai, musamman daga bakin shugaban Amurka Woodrow Wilson, ba zai yi kyan gani ba a raba kamar naman watanda. Sai aka fito da tsari a sashe na 22 na kundin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta fara aiki a 1920: manyan ƙasashe za su riƙe waɗannan yankuna a madadin ƙungiyar, don a cewarsu mutanen ba su kai tsayuwa da ƙafafunsu ba. Aka kasa su aji uku. Na farko ƙasashen Larabawa ne da aka ce sun kusa isa: Iraƙi da Falasɗinu a hannun Ingila, Siriya da Labanan a hannun Faransa. Na biyu na Afirka ne: Tanganyika, Ruwanda da Burundi, Togo, da Kamaru. Na uku waɗanda aka yarda a mulke su tamkar wani yanki na ƙasar mai riƙo, irin su Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau, da tsibiran tekun Fasifik.

Wannan shi nake ba da shawarar a kira yankin wakilci, ko riƙon wakilci, domin mai riƙon wakili ne na wata ƙungiya, aƙalla a takarda. Masu karatun Larabci sun san shi da intidabi. Sabon abin da ya kawo shi ne bahasi: kowace shekara mai riƙo zai aika rahoto ga wani kwamiti na dindindin a Janeba, a karanta, a yi masa tambayoyi. Sai dai idon mai rauni ne ƙwarai. Kwamitin ba ya zuwa ya gani da idonsa. In mazaunin yankin yana da ƙorafi, ta hannun gwamnatin da yake ƙara takardarsa za ta bi kafin ta isa Janeba. Kuma mutumin da ya zauna a kujerar Ingila a wannan kwamiti sama da shekara goma, har zuwa 1936, shi ne Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi. Iraƙi ta fita daga tsarin a 1932. Falasɗinu kuwa, da aka cusa alkawarin Balfour na 1917, wato alkawarin Ingila na kafa wa Yahudawa gida a ƙasar, a cikin takardar riƙonta, Ingila ta tattara ta fice a watan Mayun 1948 ba tare da ta miƙa ƙasar ga wata hukuma ba, kuma har yau ana cikin abin da ya biyo baya. Duk mai rubutu a kan Falasɗinu ya kamata ya riƙe wannan kalma da kyau, saboda muhawarar doka a kan ƙasar daga takardar wakilcin nan take farawa.

Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaji tsohuwar ƙungiyar a 1945, sai ta sake wa tsarin gini a babi na 12 da na 13 na kundinta, ta kafa masa majalisa ta musamman, Kwamitin Amintattu. Yankuna 11 ne suka shiga, a hannun ƙasashe 7. Waɗannan su ne yankunan amana, kuma a ganina babu kalmar da ta zauna daram cikin dukkan waɗanda muke dubawa kamar wannan. Larabawa wisaya suke cewa, asalinta ɗaya da wasiyyi, mai riƙon dukiyar maraya. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san sharuɗɗan: dukiyar ba tasa ba ce, ba zai ci ta da gaggawa don kada yaron ya girma ba, in maraya ya kai hankali a miƙa masa abinsa, a kuma kafa shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Kusan haka aka rubuta wa yankin amana. Ban yarda cewa al'ummar da ta yi sarauta da kasuwanci da karatu ɗaruruwan shekaru marainiya ce ba, wannan raini ne da aka gina tsarin a kansa tun daga tushe. Amma wanda aka kira wasiyyi ya ɗaure kansa da ranar miƙa dukiya, wanda ya ce shi mamallaki ne bai ɗaure kansa da komai ba.

Abubuwa uku suka bambanta amana da wakilci, kuma su za ka duba in ka rasa wadda za ka ɗauka. An rubuta ƙarara cewa manufa ita ce kai yankin ga mulkin kai ko 'yanci. Majalisar tana aika tawaga lokaci-lokaci ta zagaya ta gana da mutane. Sannan ɗan yankin yana iya zuwa New York da bakinsa ya yi magana. Sylvanus Olympio na Togo ya yi haka a 1947 a kan rarraba ƙabilar Ewe, Ruben Um Nyobè na Kamaru ya yi a 1952, Julius Nyerere na Tanganyika ya yi a 1955. Biyu daga cikinsu sun zama shugabannin ƙasashensu, Um Nyobè kuwa sojojin Faransa suka kashe shi a daji a 1958, a cikin yankin da aka ba Faransar amana. Ga sauƙin rarrabewa ta lokaci: in kafin 1946 ne, wakilci ne, in bayan nan ne, amana ce. Ban da Falasɗinu da ta zauna a wakilci har 1948, Namibiya ce ta fita daban, domin Afirka ta Kudu ta ƙi shigar da ita sabon tsarin, Babban Taron Majalisar ya soke wakilcinta a 1966, ta ci gaba da zama da ƙarfi har ƙasar ta sami 'yanci ranar 21 ga Maris 1990. Ba a taɓa kiran Namibiya yankin amana ba, kada ka kira ta.

Mu ba labarin nesa ba ne wannan. Jamus ta kafa mulkinta a Kamaru daga 1884, aka kore ta a 1916, Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ya bi iyakar Nijeriya ta gabas. Arewacin wannan yanki shi ne su Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali, Mubi, Ganye, Gashaka da tsaunin Mambila. Ya zama yankin wakilci a 1922, ya koma na amana a 1946. Ingila ba ta kafa masa gwamnati ta daban ba, ta rarraba shi ta liƙa a lardunan Barno, Adamawa da Binuwai. Don haka mutumin Mubi da mutumin Yola Razdan ɗaya ke kansu, En'e ɗaya suke biya wa haraji, in ka tambayi manomi a kasuwar Mubi a 1950 bambancinsa da na Yola, da wuya ya nuna maka wani abu da hannu.

Ranar rabuwa ce ta fito da bambancin. Ba a tambayi mutumin Yola ko yana son zama ɗan Nijeriya ba, haka ya wayi gari a ciki. Mutumin Mubi kuwa sau biyu aka kafa masa akwati ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya, da wani jami'in diflomasiyya ɗan Iran, Djalal Abdoh, a matsayin kwamishinan ƙuri'ar. A ta farko, cikin Nuwamban 1959, an tambaye su ko su shiga Arewacin Nijeriya in ta sami 'yanci, ko a ɗage maganar. Mafi rinjaye suka ce a ɗage, abin da ya girgiza gwamnatin Kaduna, domin an fahimci cewa mutane da dama fushi suke da yadda hakiman da ake turo musu daga Yola ke tafiyar da su. Aka yi gyaran mulkin gargajiya, aka ba yankin hukumominsa na En'e, Sardauna Ahmadu Bello da jama'arsa suka shiga lungu-lungu neman goyon baya. A ta biyu, cikin Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: a wannan ƙuri'a mata sun jefa tasu, saboda Majalisar ta dage sai kowane baligi ya yi zaɓe, alhali matan sauran Arewa ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, da hedikwata a Mubi. Kudancin kason Ingila kuwa ya zaɓi Kamaru, ya haɗe da ita ranar 1 ga Oktoba, kuma rikicin da ake yi yau a yankin masu Ingilishi na Kamaru jijiyarsa tana nan. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahidjo ba ta ji daɗin rasa arewacin ba, har ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ainihin ƙarar a 1963.

Wanda ya rubuta cewa Mubi tana ƙarƙashin mulkin mallaka kawai, ya yi shiru, ya shafe duk wannan. Mai karatunsa ba zai gane me ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a can ba a yi a Katsina ba, ba zai kuma gane inda masu fafutukar a ƙirƙiro Jihar Amana daga arewacin Adamawa suka dosa da wannan suna ba. Hausawan Ghana ma suna da irin wannan tarihi a kusa da su: Yendi da Ho suna cikin yankin Togo da Ingila ta riƙe amana, kuma ƙuri'ar Mayun 1956 ce ta shigar da su ƙasar da ta zama Ghana a shekara mai bi.

Kada kuma daɗin kalmar ya sa a ɗauka kowa ya riƙe amanar. Amurka ta karɓi tsibiran Fasifik a 1947, ta ci gaba da gwajin makaman nukiliya a Bikini da Enewetak har 1958, mutanen wurin suna gudun hijira a cikin ƙasarsu. Somaliya kuwa tsohuwar mai mallakarta, Italiya, aka mayar wa a 1950, sai dai an yanka mata wa'adin shekara goma, kuma ƙasar ta sami 'yanci ranar 1 ga Yuli 1960. Yanki na ƙarshe shi ne Palau, wanda ya sami 'yanci a Oktoban 1994, wata guda bayan haka Kwamitin Amintattu ya dakatar da aikinsa. Yau babu yankin amana ko ɗaya a duniya, saboda haka in kalmar ta fito a labarin yau, to ko tarihi ake bayarwa, ko shawara wani yake kawowa, ko an yi kuskure.

Akwai wata kalma da na ga wasu suna jawowa nan, wato raino. Ina ba da shawarar a ƙyale ta. Kunnen mai sauraro ya riga ya saba da "ƙasashe rainon Ingila" da "rainon Faransa" da ma'anar duk ƙasar da suka taɓa mulka, har da ƙungiyarsu ta yau. In ka ce Kamaru rainon Faransa ce ka faɗi gaskiya, amma ba ka faɗi matsayinta ba. Haka ma Sudan daga 1899 zuwa 1956, wadda Ingila da Masar suka riƙe tare da tutoci biyu: mulkin haɗin gwiwa za a ce, kada a ce na tarayya, don tarayya ta riga ta zama sunan irin tsarin gwamnatin Nijeriya. Kuma babu sa idon duniya a cikinsa.

Saura na zamaninmu, inda aka fi yin ruɗani a ɗakunan labarai. Wani lokaci Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta take zama gwamnati, ba ta ba wata ƙasa ba. A Kosovo, bayan ƙuduri mai lamba 1244 na Kwamitin Sulhu a 1999, wakilin babban sakatare ne ke sa hannu a dokoki, shi ke naɗa alƙalai, a ƙarƙashinsa ake karɓar kuɗin kwastan. A Timor ta Gabas, daga 1999 zuwa 20 ga Mayu 2002, Sergio Vieira de Mello ɗan Brazil ya riƙe ikon yin doka da na zartarwa gaba ɗaya, a lokacinsa aka mayar da dalar Amurka kuɗin ƙasar. Wannan kam Hausa tana da sunansa tun da daɗewa: riƙon ƙwarya. A ce mulkin riƙon ƙwarya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa zai gane cewa mai riƙon ba shi ne mai kujerar ba, jiran mai ita ake yi. Timor ta kai ga 'yanci cikin lumana. Kosovo kuwa an shiga ba a yanke inda za a fita ba, ta ayyana 'yancinta a Fabrairun 2008, Sabiya ba ta amince ba har yau.

Kada a haɗa wannan da aikin dakarun kiyaye zaman lafiya. A Darfur daga 2007 zuwa 2020, da Mali daga 2013 zuwa 2023, akwai dubban sojoji masu shuɗiyar hula, har da 'yan Nijeriya da Nijar da Chadi a wasu rundunonin, amma mulki yana hannun Khartum da Bamako. Hujja kuwa a fili take: da gwamnatin Mali ta ce su fita a Yunin 2023, kafin shekara ta ƙare sun fita. Baƙon da mai gida zai iya sallama ba shi ke riƙe da gidan ba, don haka kuskure ne a ce Mali ta kasance ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mamaya ita ce kishiyar duk waɗannan. Soja ne ya shiga da ƙarfi ya zauna, ba wanda ya wakilta shi. Dokokin yaƙi, wato ƙa'idojin Hague na 1907 da yarjejeniyar Janeba ta huɗu ta 1949, sun ɗora masa nauyin kare fararen hula, sun hana shi kwaso mutanensa ya zaunar a wurin, kuma zamansa ba ya mayar da ƙasar tasa. Haka matsayin Gaɓar Yamma da Kogin Jodan yake tun 1967, haka Kuwaiti ta kasance a hannun Iraƙi a 1990. In mai mamayar ya fito ya ce ƙasar ta zama tasa, to ya wuce mamaya ya shiga haɗewa, kuma ya kamata a rubuta cewa shi ne ya yi iƙirarin, don sau da yawa duniya ba ta amince ba.

Akwai kuma jerin da Majalisar take ajiye da shi na yankunan da ba su kai ga mulkin kansu ba, guda 17 a yanzu. Yawancinsu ƙananan tsibirai ne a hannun Ingila, Amurka, Faransa da New Zealand. Ba yankunan amana ba ne, ragowar mulkin mallaka ne da aka wajabta wa masu riƙe da su kawo bayani. Ɗaya tilo a nahiyar Afirka shi ne Yammacin Sahara, wanda Sifaniya ta bari a tsakiyar shekarun 1970, Maroko ke riƙe da mafi yawansa, ƙungiyar Polisario ke neman 'yancinsa, aka kafa tawagar shirya ƙuri'ar raba gardama tun 1991 amma ba a yi ƙuri'ar ba. A nan kowace kalma ɗaukar ɓangare ce: in ka ce lardunan kudu ka bi Maroko, in ka ce yankin da aka mamaye ka bi Polisario. Mai ba da labari da ke son tsayawa a tsakiya sai ya ce yankin da ake taƙaddama a kansa, ya ƙara da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa shi cikin waɗanda ba su kai ga mulkin kansu ba.

In kuwa aka tayar da maganar a sa wata ƙasa da yaƙi ya ɗaiɗaita a hannun duniya, kamar yadda aka sha faɗa a kan Somaliya da Sudan ta Kudu, a duba da kyau kafin a rubuta amana. Sashe na 78 na kundin Majalisar ya hana a sa ƙasar da ta riga ta zama mamba a ƙarƙashin wannan tsari. Abin da masu shawarar suke nufi kusan kullum riƙon ƙwarya ne, kuma shi ma sai Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri, inda ƙasa ɗaya cikin biyar masu kujerar dindindin ta isa ta hau kujerar naƙi.